Yadda muka fitar da hanyar gano afulatoksin a ƙuli-ƙuli da yaji

Littattafan hanyoyin gwajin abinci da muke aiki da su a ɗakin gwaje-gwajenmu duk daga waje aka rubuto su. Akwai babin gyaɗa, akwai na masara, akwai na busasshen barkono, har ɓaure bai rasa nasa ba. Amma ka buɗe tun daga bangon farko har na ƙarshe, ba za ka ci karo da ƙuli-ƙuli ba, balle yajin tsire. Shi ya sa da wata ƙungiyar mata masu sana'ar gyaɗa ta zo neman takardar shaidar cewa kayansu ba su da gubar afulatoksin, saboda wani mai kanti a Legas ya ce ba zai saya ba sai da ita, shugaban sashenmu bai ce musu su dawo jibi ba. Cewa ya yi su ba mu lokaci, sai mun fara tabbatar da cewa hanyar da za mu bi tana faɗin gaskiya a kan irin wannan abinci. Aka ɗora mini aikin, aka haɗa ni da wani ɗan hidimar ƙasa da ya karanta kimiyyar sinadarai.

Gubar nan fumfuna ce ke yin ta, musamman nau'i biyu da ake kira Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, masu zama a cikin ƙasa. Idan ruwa ya ɗauke gyaɗa tana tsaka da zuba 'ya'ya, ko fartanya ta fasa kwanso wajen cira, ko aka ɗure ta a buhu ba ta gama bushewa ba, fumfunar ta samu ƙofa. Duniya ba ta san da gubar ba sai a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar garin gyaɗa ne da aka shigo da shi daga Barazil. A 2004 masara mai ɗauke da ita ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 suka rasu. Wannan na cin da yawa a lokaci guda ke nan. Mu a nan abin da ya fi damunmu shi ne na kaɗan-kaɗan kullum, wanda ke kai wa ga sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma an danganta shi da tsumburewar yara a binciken da aka yi a Benin da Togo. Suya ba ta kashe ta. Abin da ya ƙara wa ƙuli-ƙuli matsala kuwa, idan aka matse mai, mafi yawan gubar ba ta bin man, a tunkuza take zama.

Adadin da ake nema shi ne ke sa aikin ya zama na haƙuri. Tarayyar Turai ta yanke cewa gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye kada ta wuce maikirogiram 4 a kowane kilo idan aka haɗa nau'ukan gubar guda huɗu, wato B1 da B2 da G1 da G2, B1 kaɗai kuma kada ta wuce 2. Barkono da citta an ɗaga musu zuwa 10 a haɗe, B1 kaɗai kuma 5. Amurka ta tsaya a 20. Maikirogiram 4 a kilo daidai yake da giram 4 a cikin buhu 10,000 masu cin kilo 100. Wannan ake so mu gano, a cikin abin da ke cike da mai da barkono da gishiri.

Abin da ya fara tsayar da mu ba na'ura ba ne. Kafin ka ce hanya tana aiki, dole ka sami samfurin da ka tabbata babu gubar a cikinsa, ka zuba masa adadin da ka sani da hannunka, ka bi duk matakan, ka ga nawa ya dawo maka. Na gyaɗa da masara ana sayar da irin wannan samfur a ƙasashen waje. Na ƙuli-ƙuli kuwa wa zai sayar maka? Mun sayo daga wurare daban-daban cikin gari, kowanne muka duba sai mu ga alamar gubar, wani kaɗan, wani abin sai addu'a. Sai muka yanke shawarar yin namu. Muka je Dawanau a farkon kaka muka sayo sabuwar gyaɗa da kwansonta, muka ɓare da hannu a kan tebur, muka tsince ƙwaya-ƙwaya, duk wadda ta yamushe ko ta sake launi ko ta fashe muka ware. Muka gwada wadda ta rage muka ga tsaf take. Daga nan muka kai wa wata dattijuwa a cikin ƙungiyar, muka roƙe ta ta yi mana a gabanmu, da turmi da kasko wankakku.

Ta dubi tarin da muka ware a leda ta ce, "Yaro, wannan fa ina za ku kai ta?"

Na ce, "Ƙonawa za mu yi, Inna."

Ta yi dariya. "Ai ita ce ribar. Mai kyau ana sayar da ita a tiya, a yi amaro ko a soya da gishiri. Wannan da kuka tsince ita ake matsewa, tunda in ta zama tunkuza wa ya san kamanninta?"

Ban ga laifinta ba, gaskiyar sana'ar ta faɗa mini, kuma ta fi kowane littafi bayyana mini dalilin abin da muke gani a samfuran kasuwa. Ta soya, ta sussuke, ta fece, aka kai inji aka markaɗa bayan mun sa an wanke shi, ta zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya har mai ya tsatso, ta matse, ta mulmula, ta soya a cikin man. Muka kwaso shi da zafinsa. Rabi muka ajiye a matsayin ƙuli-ƙuli, rabi muka daka da barkono da citta da kanumfari da masoro da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, bayan mun gwada kowannensu shi kaɗai. Barkono ya ba mu wahala kafin mu sami mai tsafta.

Tatso gubar daga cikin garin shi ne mataki na gaba. Afulatoksin ba ta son ruwa zalla, tana narkewa a metanol mai ɗan ruwa. Mun fara da abin da aka saba a gyaɗa, kashi 70 metanol kashi 30 ruwa, a zuba gishiri, a kaɗa a bilenda, a tace da takarda. Da ƙuli-ƙuli abin da ya fito farin ruwa ne kamar madara, takardar ta toshe da mai, ɗigo ɗaya sai ka yi hira kafin na biyu ya sauko. Muka koma kashi 80 da 20, muka ƙara hekzen a cikin bilendar domin ya kwashe man ya taso da shi sama, muka ɗebi na ƙasa. Nan take ruwan ya washe. Shi kuma yaji ba ma ƙara masa gishiri, nasa ya ishe shi.

Ruwan da aka tace ba ya shiga na'ura haka nan, sai an wanke shi a wani ɗan bututun roba da bai kai tsawon yatsa ba. A cikinsa akwai wani farin abu mai laushi da aka liƙa wa ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda ba su kama komai sai afulatoksin. Ka zuba ruwan a hankali, ɗigo ɗaya ko biyu a daƙiƙa, gubar ta maƙale, sauran tarkace su wuce. Ka wanke da ruwa. Sannan ka zuba metanol zalla, ya lalata ƙwayoyin garkuwar, su saki abin da suka riƙe ya zubo cikin 'yar kwalba. Sau ɗaya ake amfani da kowane bututu, da dala ake sayensa, a firji yake kwana, kuma idan ya daskare ya tashi aiki. Tunda metanol ke lalata shi, dole ka tsarma ruwan samfurin sosai kafin ka zuba, in ba haka ba gubar za ta bi ta wuce ka zaci babu.

A yaji aka sha fama. Jan barkono ya riƙa rina bututun, ya ƙi wankuwa da ruwa, ya biyo metanol ya fito, a zanen da na'ura ke yi a allon kwamfuta kuma ya yi wani faffaɗan tudu da ya rufe inda G2 ke fitowa. Muka gwada ƙara tsarmawa, ya ragu bai tafi ba. Abin da ya raba gardama wani sinadari ne mai kama da sabulun ruwa da ake kira Tween 20, wanda ake sawa a ruwan tsarmawa idan ana aikin kayan ƙamshi. Da shi launin ya bi ruwan wanki ya tafi, bututun ya koma fari. Sai dai dole a bi shi da ruwa zalla a ɗauraye, don shi ma idan ya rage yana da nasa tudun.

Na'urar da muke da ita HPLC ce mai ido mai gane ƙyalli. Famfo na tura ruwa ta cikin wani siririn bututun ƙarfe, kowane sinadari yana tafiya da nasa saurin, su fito ɗaya bayan ɗaya. A bakin fita ana haska su da haske mai tsawon zango nanomita 365, afulatoksin ta yi ƙyalli, B1 da B2 shuɗi, G1 da G2 kore-kore, na'urar ta zana tudu gwargwadon yawan ƙyallin. Matsalar ita ce B1, wadda ta fi duka haɗari, da G1, ƙyallinsu na dusashewa a cikin ruwa. Manyan ɗakunan gwaji suna da wata 'yar na'ura da ake haɗawa a bayan bututun ta gyara wannan. Mu ba mu da ita, don haka muka bi tsohuwar hanya: a busar da abin da aka tatso da iskar naitirojin, a ɗiga masa hekzen da wani asid mai ƙarfi da ake kira TFA, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci, ya sauya musu siffa su koma masu ƙyalli. Aiki ne da ke ƙara hannu, kuma kowane ƙarin hannu ƙofar asara ce. Idan ɗigon ruwa ya rage a kwalbar kafin a sa asid, sauyin ba ya kammala, B1 ta fito ƙasa da yadda take.

Gubar da muke aunawa da ita, wadda ake sayowa tsantsarta a 'yar kwalba, ita ce abu mafi haɗari a ɗakin. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam. Ba a buɗe ta sai a cikin akwatin zuƙe iska, da safar hannu biyu. Duk abin da ya taɓa ta a bilic yake kwana kafin a wanke. Haske na lalata ta, saboda haka kwalabenmu masu ruwan ƙasa ne, tagogi kuma mun liƙe su da takarda. Tana kuma manne wa sabon gilashi, sai an jiƙa shi a asid mai rauni an ɗauraye sosai. Ɗan hidimar ƙasar nan da farko yana ganin duk wannan tsirfa ce, har ranar da ya ga tudun kwalbar da aka bari a kan tebur kusa da ƙofa ya gaza na 'yar uwarta da ke firji.

Sai wuta. Kafin na'urar ta daidaita layinta ya kwanta tana buƙatar lokaci mai tsawo, idan aka ɗauke wuta a tsakiyar gudu kuwa, kafin janareta ya tashi famfo ya tsaya, samfurin da ke ciki ya tafi a banza, a sake daga farko. Sai da aka sa mana batura da inbata abin ya lafa. Zafin ɗaki ma yana taɓa lokacin fitowar kowane tudu, na rana tsaka a watan Afirilu daban, na asubar hunturu daban, dole bututun ƙarfen ya zauna a cikin ɗan tandunsa a kan zafi ɗaya.

Da matakai suka zauna, aka shiga tabbatarwa, kuma a nan ba abin labari sai maimaici. Ka jera ma'aunai daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, ka ga ko tsayin tudu na hawa daidai da adadi. Ka ɗauki ƙuli-ƙulin Inna, ka zuba masa guba a ƙasa da iyaka, a daidai iyaka, a sama da iyaka, ka bar shi ya kwana a duhu ta shige shi, ka tatso. Ƙa'idar Turai ta 2006 da muka bi ta ce a tsakanin maikirogiram 1 zuwa 10 a kilo, abin da zai dawo maka ya kasance kashi 70 zuwa 110 cikin ɗari. Ka maimaita yau, ka maimaita wani mako, ka ba wani ya yi da hannunsa ba ka wurin. Ka nemo mafi ƙanƙantar tudun da za ka iya rantsuwa a kansa: wanda ya ninka rawar layi sau 3 ka ce ka gani, wanda ya ninka sau 10 ka ce ka auna. Ƙuli-ƙuli ya shiga ƙa'ida ba gardama. A yaji G2 ce ta riƙa zama a gindin iyaka, muka rubuta hakan a takardar hanyar yadda yake.

Duk da haka gubar da ka zuba da hannu a saman gari take, ta fi sauƙin fitowa a kan wadda fumfuna ta saƙa a cikin ƙwayar tun tana gona. Don haka muka shiga gwajin ƙwarewa na FAPAS da ake shiryawa daga Ingila: su aiko maka da garin gyaɗa ba su faɗa maka abin da ke ciki ba, ka auna ka aika, su kwatanta da na sauran ɗakunan gwaji na duniya. Idan makinka ya faɗa tsakanin 2 a ƙasa da 2 a sama, ka tsira. Mun tsira. Duk ɗakin da ke neman shaidar ISO 17025, wato shaidar ingancin ɗakin gwaji, ba shi da makawa sai ya bi ta irin wannan gwaji, kuma a ganina ko ba ka neman shaidar kowa ya kamata ka bi, domin na'ura ba ta taɓa ƙin ba ka lamba, ko daidai ko ba daidai ba.

Na zaci an gama. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Shugabar ƙungiyar ta aiko da ƙuli-ƙuli cikin 'yar leda, bai fi cikin tafi biyu ba, a matsayin wakilin kayan da suka cika ɗaki. Muka auna, ya fito ƙasa da iyaka. Na ce a sake ɗebo wani daga buhu daban na wannan kayan. Ya fito sama da iyaka nesa ba kusa ba. Hanya ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin gyaɗa, a 'yan ƙwayoyi take taruwa, kuma an sha auna ƙwayar da ke ɗauke da sama da maikirogiram 100,000 a lissafin kilo. Yi lissafin da kanka: ƙwaya mai nauyin rabin giram a wannan mataki tana da maikirogiram 50, idan ta narke cikin kilo 10 na tsaftatacciyar gyaɗa ta kai shi 5, ya haura iyakar Turai. Wake ɗaya ke ɓata gari. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa a gwajin gyaɗa, mafi girman kuskure daga ɗibar samfur yake fitowa, na cikin ɗakin gwaji ɗan kaɗan ne a kansa. Shi ya sa a manyan kaya ƙa'idar Turai ta ce a ɗiba daga wuri 100, giram 200 kowanne, a tara kilo 20, a niƙe.

Markaɗe yana gauraya gyaɗa, gaskiya ne, amma iya kwanon da aka kai inji tare. Ƙungiyar nan mata da yawa ne, kowacce a gidanta take yi da gyaɗar da ta samu, a tara a zuba a buhu ɗaya. Buhu guda yana iya ɗauke da aikin gida biyar.

Sai na je da kaina na same ta. Na ce, "Hajiya, ba zan iya sa hannu a kan leda ɗaya ba. Sai mun zazzage kowane buhu, mun ɗiba daga sama da tsakiya da gindi."

Ta ce, "Malam, kilo nawa ke nan za ku cinye mana? Wa zai biya?"

Tambayar tana kan hanya. Ƙa'idar da aka tsara don kwantenar jirgin ruwa ba za a ɗora ta yadda take a kan matan da jarinsu bai wuce 'yan buhuna ba, kuma ita kanta ƙa'idar tana rage yawan ɗiba idan kaya ƙanana ne. Abin da muka daidaita a kai shi ne kowace mace ta riƙa ɗaure nata daban da alama, kada a gauraya sai an duba. A matakin farko muna amfani da tsinken gwaji na gaggawa, irin mai fitar da layi, wanda ke ba da amsa cikin mintuna kuma ya fi bututun garkuwa araha sosai. Mun gwada shi gefe da gefe da HPLC a kan samfura iri ɗaya: a ƙuli-ƙuli suna tafiya tare, a yaji launin barkono na rikita karatun layin, don haka muka ce a duba ƙuli-ƙulin da barkonon kowanne daban tun kafin a daka su tare. Wanda ya tsallake tsinke shi ake haɗawa, mu ɗiba daga ko'ina, mu niƙe gaba ɗaya, mu dama shi da ruwa ya zama kamar kunu mai kauri don ya gaurayu sosai, sannan mu ɗebi wanda zai shiga na'ura.

A takardar sakamako ba ma rubuta "babu guba". Muna rubuta adadin da muka samu da faɗin shakkar da ke tattare da shi, idan kuma ba mu ga komai ba mu ce ƙasa yake da iyakar da hanyarmu ke iya gani, mu faɗi iyakar. A ƙasa kuma mu rubuta wanda ya ɗebi samfurin da yadda aka ɗebe shi. Idan mai kaya ne ya kawo da kansa, takardar tana cewa sakamakon na abin da aka kawo ne kawai. Mutane da yawa ba sa son wannan layin, wasu har sun roƙa a cire. Ba ma cirewa.

Matan kuwa, da suka ga kayan wasu gidaje na faɗuwa a kai a kai, su da kansu suka koma kan gyaɗar. Suka daina sayen tsintacciya don matsewa, suka fara shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, buhu kuma a kan katako nesa da bango. Wasu cikin manoman da ke kawo musu sun fara watsa Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin guba, ana watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin fure, ta riga mai gubar kama wuri. Kuɗin ƙuli-ƙulinsu ya ɗan tashi, mai kantin Legas ya karɓa, a kasuwar unguwa kuwa har yanzu mai araha ake bi.

Hanyar da muka rubuta ta ƙuli-ƙuli da yaji ce kaɗai. Ba ta shafi ɗanyen man gyaɗa ba, wanda ke buƙatar nasa salon tatsowa. Ba ta shafi nono ba, inda gubar ke fitowa da wata siffa da ake kira M1 idan saniya ta ci dusa ko tunkuza mai fumfuna, iyakarta a Turai kuma maikirogiram 0.05 ce a kilo, bututunta ma daban ne. Shi ne ke kan teburina yanzu, saboda masu yin yogot sun fara tambaya, kuma kindirmo mai tsami sai an daidaita tsaminsa kafin bututun ya yarda ya kama komai.